Gwaiba da Zoɓo: Bayani a Kan Fentin Ɗakin Mata



Tun ranar da hoton bangon ɗakin mata ya fita a zaurenmu na WhatsApp wayarmu ba ta huta ba. Wasu na tambaya ko da gangan aka yi wa ɗaki ɗaya fenti kala biyu. Wasu na cewa su ba su ga wani bambanci ba, a bar mutane su sarara. Wasu kuma, kuma su ne suka fi damun mu, suna tambayar ina kuɗin mata suka shiga. Shugaba ya ce mu rubuta bayani a nan kowa ya karanta tun kafin taron wata. Lissafin kuɗi, naira da kwabo, Ma'aji zai karanta shi a wurin taro da rasit a hannu. Namu a ofishin sakatare shi ne mu faɗi yadda aka yi, mu kuma faɗi laifin da muka yi, don mafi yawansa namu ne.

Ga waɗanda suka shigo ƙungiya kwanan nan, ɗakin da ake magana shi ne na bayan ofis, wanda a da muke jibge benci da rumfunan taro a ciki. Iyayenmu mata sun daɗe suna neman a ba su shi. A nan suke son yin ajin ɗinki da karatun yamma, a nan kuma za a riƙa sauke matan da suka zo daga gida ganin likita a Legas ba su da wurin kwana. Duk wanda ya daɗe a Agege ya san yadda abin yake: a kira ka da dare a ce ga wata baiwar Allah ta sauka a tasha da mara lafiya, ka rasa gidan da za ka buga wa ƙofa. Da aka ba su ɗakin ba su taɓa asusun ƙungiya ba. Adashi suka yi, masu tuwo da masu waina da masu kitso, har aka yi shafen siminti, aka sa tayil, aka ɗaura fanka. Fenti ne ya rage, shi ne suka damƙa mana saboda mu ne masu zirga-zirga.

Hajiya shugabar mata ta ba mu katin kalolin fenti, ta zagaye guda ɗaya da biro. Ruwan hoda ne mai haske ƙwarai, wanda in ba ka lura ba sai ka ce fari ne ya ɗan ji kunya. Sunan da kamfani ya sa masa na Turanci ne, ba wanda ya riƙe shi. Daga baya mata suka raɗa masa Gwaiba, saboda ya yi kama da cikin gwaiba da ba ta gama nuna ba. Maƙwabcinsa a jikin katin, wanda ya jawo duk wannan magana, suka kira shi Zoɓo, wai kamar an ɗiga zoɓo a cikin kofin madara. Da waɗannan sunaye za mu ci gaba.

Lissafinmu a takarda ba shi da aibi. Ɗakin mita 6 ne a tsawo, mita 4 a faɗi, bango kuma mita 3 daga ƙasa zuwa silin. Kewayen ya kama mita 20, a ninka da 3 ya ba da murabba'in mita 60. In an cire ƙofa da tagogi biyu saura wajen 54. Shafa biyu ke nan 108. A jikin galan an rubuta cewa lita ɗaya tana rufe wajen murabba'in mita 10, sai muka ce lita 11 ta isa, muka sayo galan 3 masu lita huɗu-huɗu, har muna murnar za a sami rara. Abin da ba mu tsaya muka karanta ba shi ne wannan ƙiyasi na bango ne mai santsi wanda ya riga ya sha shafar farko. Sabon siminti kuwa shan ruwa yake yi kamar ƙasar da ta kwana biyu ba ta ga damina ba. Baba mai fenti, Bayarabe ne haifaffen unguwar nan wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu, ya rubuta furaima a cikin kayan da yake buƙata, wato fentin da ake fara shafawa don ya toshe ƙofofin siminti. Da hannunmu muka soke shi, muna ganin mun rage wa mata kashe kuɗi. Araha ba ta ado. Abu ɗaya da muka yi daidai, shi ma ba da dabararmu ba, shi ne shafen simintin ya haura mako huɗun da ake so ya yi yana bushewa kafin fenti ya hau shi, don kuɗin ba su haɗu da wuri ba.

Shafar farko kaɗai ta kusan cinye galan biyu. Ta biyu ta zagaye bango biyu da rabi, fenti ya ƙare a tsakiyar bangon gabas. Ranar Alhamis ce, walimar buɗe ɗaki kuma an sa ta Asabar.

Mu uku muka koma shagon, mu da Ma'aji da wani ɗan kwamiti. Mai shago ya ce Gwaiba ya ƙare sai wani mako, amma ga ɗan uwansa. Ya ɗora katin a kan kanta a ƙarƙashin farin ƙwan shagonsa, muka sunkuya muna kallo. Kowane kala bai fi faɗin akwatin ashana ba. Ya nuna mana wata lamba da ake rubutawa a bayan kati, mai nuna yawan hasken da kala ke mayarwa, daga 0 na baƙi ƙirin zuwa 100 na fari fat, lambobin biyu kuma suna daf da juna. Mu da muka yi difloma sai lambar ta burge mu. Muka dubi juna muka ce ai duk ɗaya ne. Galan 2 muka ɗauka, don kada a sake yanke mana.

Da Baba mai fenti ya buɗe murfi ya juya da sanda, sai ya ɗago kai ya ce, "Oga Sakatare, wannan ba shi ba ne." Muka ce in ya bushe zai saje. Ya ce ɗanyen fenti da busasshe dama ba sa zama ɗaya, amma wannan ko ya shekara ba zai saje ba. Muka ce ya dai shafa, lokaci ya ƙure. Ya shafa.

Da safiyar Juma'a muka leƙa, muka ga kamar mun tsira. Hasken ɗakin da safe kaɗan ne, don babbar tagarsa yamma take kallo, ƙaramar kuma kudu. Sai bayan la'asar, da rana ta karkato ta shigo ta tagar yamma ta faɗa kan bangon gabas, layin ya fito daga silin har ƙasa kamar an ja shi da rula. Hagu ya yi ɗumi yana neman ruwan goro, dama ya yi sanyi yana neman shunayya. Kuma bangon gabas ne, wanda duk matar da ta tayar da salla a ɗakin shi za ta fuskanta. A daidai lokacin Hajiya ta shigo da tabarmi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon bangon, sannan ta ce, "Malam Sakatare, wanda na zagaye guda nawa ne?" Muka ce ɗaya ne, Hajiya. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi mana zafi a kan duk abin da aka rubuta a WhatsApp.

An ɗage walima. A daren ne hoton ya fita, kuma hoton ne ya ƙara dagula maganar. Kyamarar waya tana gyara kala da kanta gwargwadon hasken da ta gani, fuskar kowace waya kuma da yadda take nuna shi. Wani a Fatakwal yana rantsuwa bango ɗaya ne, wata a layin bayanmu tana rantsuwa biyu ne, kowa kuma abin da wayarsa ta nuna masa yake faɗa. Wata malamar asibiti a cikinmu ta jefo cewa matsalar kasa rarrabe ja da kore gado ce, kuma ta fi yawa a maza nesa ba kusa ba, don haka a yi wa 'yan kwamiti uzuri. An yi dariya. Maganarta gaskiya ce a likitance, amma ba za mu fake da ita ba. Idonmu lafiya lau. Gaggawa ce, da kuma raina abin da aka aike mu. Da a ce yadin shaddar Salla aka aike mu sayowa aka kawo mana mai kama da shi, da mun fita da shi waje mun duba a rana kafin mu biya.

Akwai abin da ya kamata mu tuna tun farko. A gidajen da muka tashi, namiji ne ke gini, amma cikin ɗaki na mace ne. Ita ke daɓe, ita ke shafa farar ƙasa, ita da danginta ke jere, su san kwanon da zai zauna kusa da wane. Ba mu taɓa ganin mahaifinmu ya sa baki a kan inda za a rataya tasa ba. Zama a Kudu ya sa saye da sayarwar kayan gini ya koma hannun maza, sai muka ɗauka zaɓin ma ya dawo hannunmu.

Tunda yanzu kala biyu ne a bango, kuma 'yan matan ajin ɗinki suka ce su Zoɓo ya fi burge su, Hajiya ta ce ba za a yanke hukunci da baki ba, a gwada. Baba mai fenti ya yanko falankin katako biyu, kowanne ya kai faɗin sallaya, ya yi wa kowanne shafa biyu, ɗaya da ɗan abin da aka kankaro a gindin galan ɗin Gwaiba, ɗaya da Zoɓo. Kwana uku ana yawo da su bango-bango, da hantsi, da azahar, da la'asar, da dare. Mu aka sa rubuta abin da aka gani, wataƙila don horo. A nan muka koyi abin da ya kamata mu sani kafin mu taka shago.

Duka biyun farin fenti ne aka ɗiga wa launi kaɗan. Bambancin yana cikin abin da aka haɗa da jan. Na Gwaiba an sirka shi da rawaya, na Zoɓo kuma ya karkata wajen shuɗi. A ɗan ƙaramin kati ido ba ya kama wannan sirkin, sai an shimfiɗa shi a bango mai faɗi yake fitowa, shi ya sa kusan kowane kala ya fi ƙarfi a bango a kan yadda yake a kati. Lambar da ta ruɗe mu a shago haske kawai take aunawa. Ba ta faɗin ko kala ya karkata wajen rawaya ko wajen shuɗi. Kala biyu na iya samun lamba ɗaya cif su kuma bambanta kamar yadda namu suka bambanta.

Da hantsi, in za mu faɗi gaskiya, Zoɓo ya fi kyau. Yana da tsabta, yana sa ɗakin ya yi kamar ya fi faɗinsa, kuma ya dace da farin silin. Gwaiba a wannan lokaci kamar madarar da ta ɗan kwana. Da azahar ba ka raba su sai ka matso. Da la'asar Gwaiba yakan ɗauki hasken yamma ya yi zafi, har wata ta ce ya koma kalar kunun gyaɗa da aka zuba wa tsamiya, Zoɓo kuma a lokacin ne yake zama ruwan hoda na sosai. Da a nan aka tsaya, da 'yan mata sun ci.

Wani ɗalibi a cikinmu ya turo dogon rubutu daga intanet mai cewa ɗakin da ke kallon arewa a sa masa kala mai ɗumi, mai kallon kudu a sa masa mai sanyi. Mun karanta, amma mutanen Ingila aka rubuta wa, inda rana ke bi ta kudu shekara duka. Legas ba ta kai digiri 7 a saman layin da ya raba duniya biyu ba. Daga Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewa da mu take bi, sauran watanni ta kudu, da tsakar rana kuma kusan a tsakiyar ka take. A wurinmu abin tambaya shi ne taga gabas take kallo ko yamma, da kuma wane lokaci ake zama a ɗakin. Ga kuma damina, wadda a nan takan rufe sama kwana da kwanaki. Rana ta biyu ta gwajin hadari ya wuni, hasken ya zama toka-toka, sai Zoɓo ya dushe ya koma kamar ruwan toka mai ɗan ja, Gwaiba kuwa ya riƙe kansa.

Dare ne ya raba gardama. Ƙwan da ke ɗakin fari ne, irin wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, wanda ya cika kasuwanninmu. Haskensa ya karkata wajen shuɗi, haka ma fitilar caji da ake kunnawa in an ɗauke wuta. A ƙarƙashinsa Zoɓo ya tashi daga ruwan hoda ya koma shunayya mai sanyi, irin na bangon ɗakin jiran likita. Gwaiba kuma, da shuɗin ƙwan ya kashe masa rawayarsa, sai ya fito daidai yadda Hajiya ta zagaye shi a kati. Muka ce to a canza ƙwai mana. Muka sayo mai 3000K, mai hasken rawaya, aka ɗaura. Nan take Zoɓo ya farfaɗo, Gwaiba ya koma ruwan lemo. Muka fara murna za mu tsira da galan biyunmu. Sai malamar ɗinki ta ɗauko zare biyu, baƙi da shuɗi mai duhu, ta miƙo mana ta ce mu raba su a wannan hasken. Muka kasa. Ta ce ajinta daga bayan la'asar ne zuwa isha, kuma ba za ta koya wa yara haɗa zare da atamfa a hasken da ke ɓoye kala ba. Farin ƙwai ya koma mazauninsa.

Sauran maganar Hajiya ce ta ƙarasa ta, ba a gaban jama'a ba. A kwanakin nan, duk da ba a buɗe ɗakin ba, an sauke wata dattijuwa da 'yarta da suka zo daga gida, ana jiran ranar da likita ya ba su. Katifarta tana jikin ɓangaren Zoɓo. Hajiya ta ja mu gefe ta ce, "Ka dubi fuskar baiwar Allahn nan a jikin bangon can. Kamar jininta ya ƙare. 'Yarta tana ta kallon ta tana share hawaye. Jiya da na mayar da ita wancan gefen sai na ga kamar ta ɗan samu sauƙi, alhali ciwon yana nan." Bango yana mayar da haske kan duk abin da ke kusa da shi, har da fuskar mutum, wannan Baba mai fenti ma ya tabbatar mana. Amma ba za mu ce mun taɓa kawo shi a ranmu ba sa'ad da muke sunkuye a kan kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mata suka zauna su kaɗai, Gwaiba ya yi rinjaye. 'Yan matan da suka so Zoɓo an ba su zaɓin labule, suka ɗauko fari mai ratsin toka, suka ƙi kore, don an gwada wani koren mayafi a jikin falankin aka ga yana ƙara fito da jan bangon fiye da yadda ake so.

Ga amsar masu tambayar kuɗi. Galan 3 na farko da kuɗin mata aka saya, kuma suna jikin bango. Galan 2 na Zoɓo da kuɗin mata muka saya ba da izininsu ba, mun mayar musu da kuɗin cif. Galan 2 na Gwaiba da aka sake sayowa bayan ya iso shago, da ladan Baba mai fenti na karo na biyu, mu uku da muka je shagon muka biya daga aljihunmu. Ba a taɓa asusun ƙungiya ba, ba a kuma koma wa mata da kokon bara ba. Wannan karon Baba ya duba lambar haɗi da ke jikin kowane galan, ya ce ko kala ɗaya ne in ba haɗi ɗaya ba ne yakan ɗan saɓa. Ya juye duka biyun a bokiti ɗaya ya gauraya, ya yi wa ɓangaren Zoɓo shafa ta musamman, sannan ya bi bango huɗun daga kusurwa zuwa kusurwa bai tsaya a tsakiya ba. Mun ba shi haƙuri a kan maganarsa da muka ƙi ji. Ya ce ba komai, ya saba da masu takarda.

Wanda ke shirin fentin gida a cikinmu, falankin nan biyu suna ofis, ana iya aron su a shafa wani kala a bayansu. Kafin a sayi bokiti a sayi ɗan ƙarami, a jingina a ɗakin da za a zauna, a duba da ƙwan da za a riƙa kunnawa, kuma a kira uwargida ta gani.

Saura galan ɗaya da rabi na Zoɓo. Mun so mu mayar wa mai shago wanda ba a buɗe ba, ya ce an wuce lokaci. Da maganar ta je kunnen Hajiya sai ta aiko cewa almubazzaranci haramun ne, ofishin sakatare kuma rabonsa da fenti tun kafin a gina gadar Pen Cinema, ga shi tagarsa gabas take kallo, da safe muke zama, kuma da bakinmu muka rubuta cewa Zoɓo ya fi kyau da hantsi. Shugaba ya sa hannu yana dariya. Don haka duk wanda ya zo biyan kuɗin wata daga mako mai zuwa zai tarar da mu a ofis ruwan hoda, kada ya ɗauka ya ɓata hanya.

Walimar buɗe ɗakin mata ranar Asabar ce bayan la'asar, taron wata kuma Lahadi kamar yadda aka saba. Dattijuwar da aka sauke ta ga likita, an sa mata ranar dawowa, 'yarta na neman addu'arku. Allah Ya ba ta lafiya, Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.

Wassalam.
Sakatare